Magulmaciya Ta Uku

Litinin, bayan La'asar

Yau Yaya ta zo asibitinmu. Ta gaida masinja, ta gaida mai shara, har jikar mai shara sai da ta tambaya. Ni kuwa na rusuna da farar rigata a tsakiyar baranda na ce, "Kun zo lafiya?" Ta amsa wa bango.

Sista Saratu, nas ɗin sashenmu, ta ja ni gefe ta ce, "Nafisat, ke da yayarki faɗa kuka yi ne?" Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce mata ba yayata ba ce, ita ta haife ni. Ni ce 'yar fari. Da aka yaye ni aka kai ni unguwar Abakpa wurin Kaka, na tashi cikin ƙannenta ina jin suna ce mata Yaya, ni ma bakina ya ɗauka. Ita kuma don kunyar 'yar fari ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. "Ta Abakpa" take ce mini, shi ma sai ta kama dole. Sista ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, jama'a! A gidanmu 'yar fari ko tari ta yi sai an yanka kaza."

Sakamako ya fito. Sashen masu ciwon daji nake aiki, kalmar nan kullum tana bakina, amma yau hannuna ya ƙi rubuta ta kusa da Yaya. Wanzami dai ba ya son jarfa. An riga an cire ƙullutun daga nononta na hagu, saura gashi, wato ƙona ragowar ciwon da haske.

Talata, da hantsi

Dokta Zakariyya ya zaunar da mu. Duk Hausa muke ji a ɗakin, amma Yaya ta zo da tafinta, wato Zahra'u autarmu.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a cire nonon gaba ɗaya a huta, ko a yi gashi ta ciki. Yaya ta ce, "Zahra'u, ki ce wa likita ya bar zancen yankan nan. Da shi na zo, da shi zan koma." Dokta ya ce to, amma ta sani ramin da aka cire abin yana dab da fata. Idan hasken ya yi wa fatar yawa za ta buɗe ta zama gyambon da ba ya warkewa, a ƙarshe a koma ga wuƙar da ake gudu. Saboda haka kowane zama sai an auna abin da fatar ta sha. Ranar da awo ya ƙi daidai, ranar zai tsayar da komai.

"Wa zai yi awon?" in ji Yaya, ta bakin Zahra'u.

Dokta ya nuna ni da biro. Yaya ta ɗaga kai ta tsura wa fanka ido.

"Babu wani?"

"Akwai abokin aikinta, Mustapha."

"Namiji?" Sai ta ce, "A bar ta Abakpan. Amma Sista ce za ta taɓa ni."

Haka na samu aiki, da ƙyar, a gaban wanda ya ɗauke ni aiki tun bara waccan.

Alhamis, bayan Azahar

Har yau dangi ba su gane aikina ba. Na gaji da cewa ni ba likita ba ce, kimiyyar lissafin haske na karanta. Baba yana gaya wa mutane a masallaci cewa 'yarsa tana awon wuta, rabin unguwarsu ta Kinkinau sun ɗauka mita nake karantawa. An taɓa kawo mini ƙarar kuɗin lantarki a wajen biki.

Bari in rubuta wa kaina, ko na samu yadda zan riƙa yi musu bayani. Likita zai soka siraran robobi su ratsa nonon. Akwai ɗan ƙarfe mai haske, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana zaune a cikin inji. Idan aka rufe ƙofa sai ya fito a bakin waya, ya bi robobin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya inda muka ce, gwargwadon lokacin da muka ce, ya koma gidansa. Lissafin tsayuwar nawa ne da Mustapha.

Sai kuma 'yan ƙwayoyin awo, farare, kamar gutsuren farce. Ana manna su a fata da filasta, su sha haske tare da ita. Washegari in ɗumama su a na'ura, su amayar da abin da suka sha, in karanta. Sista ta raɗa musu suna magulmata, wai duk abin da aka yi a bayan ƙofa sai sun kai rahoto. Huɗu zan sa wa Yaya. Ta uku ita ce mai muhimmanci, don ita za ta zauna a inda fatar ta fi siranta.

Yini na yi ina gwada su. Mustapha ya ce ko tuwon angwanci ba a yi masa wannan tankaɗe.

Asabar, da safe

Ban ci abin kirki ba tun Talata, amma lafiyata lau.

Lahadi, bayan Magariba

Na je Kinkinau. Ruwa ya tare ni a Kurmin Mashi, mai Keke ya sauke ni a bakin kwata ya ce motarsa ba kwale-kwale ba ce. Na isa jagab.

Yaya na tsakar ɗaki cikin kayan sana'arta, mayafai da atamfofi, tana ciniki da wata mata kamar ba ita za a kwantar gobe ba. Ta ce, "Zahra'u, a ba baƙuwa zane ta canja." Zanen da aka miƙo mini sabo ne fil, daga cikin na sayarwa. Sai ga dambun zogale da man gyaɗa. Wai Zahra'u ce ta tashi da sha'awarsa. Zahra'u da ko warin zogale ba ta so, ta harare ni ta ce, "Ci, Anti, sha'awata ce." Na cinye tas, na suɗe kwano.

Yaya ta zaɓi mayafin da za ta tafi da shi asibiti, mai ruwan ƙasa, mai laushi, irin wanda take ɓoye wa manyan kwastomomi. Na ce wa Zahra'u ta gaya mata akwai rigar asibiti. Ta ce wa Zahra'u ta gaya mini ta ga rigar, ko gawa an fi suturta ta.

Ina son matar nan. Ban san ta inda ake faɗa mata ba.

Litinin, bayan Azahar

An sa robobin. Ban shiga ba. Sista ta ce ko uffan ba ta yi ba, sai salati.

Litinin, bayan La'asar

An ɗauki hoto, mun gama lissafi ni da Mustapha. Ya duba nawa, na duba nasa, na sake duba nawa. Ya ce, "Malama, allon zai huje." Dokta ya sa hannu. Gobe za a fara, safe da yamma, har a cika zama goma.

Talata, da hantsi

An yi na farko, alhamdu lillahi.

Ga yadda muke yi. Sista ta shiga da ita, ta haɗa robobi da inji, ta manna magulmata a kan alamomin da aka zana da alƙalami. Sannan ta fito ta lungun nan mai lanƙwasa, ta ja ƙatuwar ƙofa ta rufe. Ba mai zama a ciki sai maras lafiya. Muna ganinta ta kyamara, a allon da ke hannun damana. Yaya ta kafa sharaɗi cewa namiji ba zai kalli allon ba, don haka Dokta da Mustapha suka juya baya kamar masu laifi a makarantar allo. Ni kuma lissafina nake dubawa.

Da Sista ta iso ta leƙa allon ta ce, "Iye, Mama ta lulluɓe kamar amarya!" Na danna maɓalli, inji ya fara ƙara. Na ji ƙarar nan a jikin mata da yawa, yau ne na san tana da tsawo.

Ta fito da ƙafarta. Zahra'u ta ce yaya jiki, ta ce lafiya lau, sai dai gam ɗin filasta ya ɓata mata gefen mayafi, kuma asibiti ba za su biya ba.

Laraba, da safe

Magulmata sun kawo rahoto. Ta ɗaya daidai, ta biyu daidai, ta huɗu daidai da lissafi. Ta uku ta ce fatar ta sha rabin abin da muka zata.

Zahra'u ta buga guɗa a baranda har mai gadi ya leƙo. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, na sayi tsire na raba. Dokta ya karɓi tsinke ɗaya, ya ci, ya goge hannu, sannan ya ce, "Nafisat, labarin nan ya cika daɗi." Na san abin da yake nufi. A aikinmu awon da ya yi ƙasa da lissafi da yawa ba albishir ba ne, alama ce cewa wani yana ƙarya, ko lissafin ko ƙwayar.

Na canja ƙwaya.

Alhamis, da safe

Sabuwar ta uku ta fi ta jiya rainin hankali. Ta safe ta ce kashi ɗaya cikin uku, ta yamma ta ce ko hakan bai kai ba. Sauran ukun suna nan daidai abinsu.

Na tambayi Sista ko a kan alama take mannawa. Ta ce, "Nafisat, na fara manna filasta kina firamare." Kuma duk lokacin da ta koma cirewa, a kan alama take samunta, cif.

Yaya ta ce lafiya lau.

Alhamis, bayan Azahar

Na wanke na'ura, na gwada ta da ƙwayoyin da na san abin da suka sha. Lafiyarta ƙalau. Na ce wa Mustapha ko shi ya haɗa mini ƙwayoyi da na wata. Ya ce Allah ya huci zuciyata. Na ce kar ya yi mini sanyin murya. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba.

Alhamis, bayan La'asar

Dokta ya kira ni ofis. Ya ce an yi zama shida bai san abin da fatar nan ta sha ba, kuma shi ba ya tuƙi da ido a rufe. Gobe da safe zai bari a yi ɗaya. Idan awon ya sake yin wauta, ranar Litinin zai zare robobi, a koma maganar farko. Bai faɗi kalmar ba, ni ma ban faɗa ba.

Na fito na tarar da Yaya a ɗakin kwanciya ta baje mayafai a kan gado, nas-nas uku sun kewaye ta. Ashe ta sa Zahra'u ta kawo mata jaka guda daga gida. Robobi a ƙirji, tana cewa, "Wannan ba ya zuba, 'yata, ki wanke shi da ruwan zafi ki gani." Kowa 'yarta ce a asibitin nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina dariya, sai na ji dariyar tana neman juyewa, na wuce banɗaki.

Alhamis, bayan Magariba

Mustapha ya kawo mini shayi a kofin da ya san na fi so, alhali ni ce da laifi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, sannan ya ja kujera.

Ya ce, "Mu bi abin a hankali. Sista ta manna daidai, ta cire daidai. Tsakanin ta baro gadon da ta iso wurinmu akwai ɗan lokaci, ko ba haka ba? Ni an hana ni kallo. Dokta an hana shi. Sista tana fama da ƙofa. Saura ke. Me kike gani a allon a lokacin?"

Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa.

Ya ce, "To." Ya ɗauki jakarsa ya tafi masallaci.

Ban taɓa ganin Yaya ko ɗankwali babu ba. Ko hannun rigarta ta naɗe za ta yi alwala, ni nake fara kau da kai. Ba wanda ya koya mini, haka na tashi na ga muna yi.

Juma'a, da sassafe

Yau zan kalla.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Wayyo Allah, Yaya! Bari in rubuta tun da zafinsa, don ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Sista ta manna, ta juya, ta shiga lungu. Na ɗaga kai na kalli allon. Ga Yaya kwance, ƙirji a buɗe, robobi jere. Ta saurara har takun Sista ya yi nisa. Sai ta ɗago ido ta kalli kyamara, wato ni. Ta sa yatsu biyu a hankali ta ɓamɓare filastar ta uku, da ƙwayar da komai, ta manna a kafaɗarta. Ta jawo mayafi ta rufe ƙirjin ruf, ta gyara gefensa, ta miƙe hannuwa kamar ba ita ba.

Ta ukun ce kaɗai a saman nono, inda mayafin ke bi. Ranar farko gam ya kama mata shi, ya ɗaga ƙwayar daga fata. Tun daga nan take kawar da ita, in an gama ta mayar kan alama kafin Sista ta iso. Yaya ba ta taɓa ɗaukar abu ta ƙi mayar da shi inda ta same shi ba. Kwana uku ina auna hasken da kafaɗar uwata ke sha.

Sista ta iso ta ce, "Mu je?" Na ce a'a. Na zare makullin inji na sa a aljihu, na ce ta buɗe ƙofa. Dokta, da bayansa a juye, ya ce lafiya? Na ce, "Lafiya lau." Halin Yaya na gada, ba yadda zan yi.

Na bi lungun nan na shiga. Yaya ta ji takun da ba na Sista ba, ta juya fuska bango.

Na rusuna a gefen gado na ce, "Yaya, ƙwayar da ke kafaɗarku."

Sista ta ɗaga gefen mayafin ta gani, ta dafe kai. "Mama! Ke ce? Mun kusa kashe Mustapha a kan abin nan!"

Yaya ta ce, "Sista, ai ba magani ba ce. Ke kika ce ta gulma ce. Maganin yana cikin roba, ban taɓa roba ba."

Sista ta buɗe baki, na riga ta. Ban bi ta kan kowa ba, ita na yi wa magana. Na ce, "Yaya, in ƙwayar nan ba ta zauna a wurinta ba, ba mu san abin da fatarku ke sha ba. In ba mu sani ba, ranar Litinin likita zai zare robobi ya yanke. Ni zan manna ta da hannuna, kuma zan tsaya ina kallonku ta allon har a gama. Ba za ku rufe ba. Ku yi haƙuri." Tun da aka haife ni ban taɓa jera mata magana mai tsawon wannan ba.

Sista ta ce a hankali, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yaya ta ce, "Sista, ki ce wa ma'aikaciyarku ta yi aikinta."

Ta saki mayafin, na janye shi da kaina. Na ga ɗinkin, na ga robobin, na ga alamar da aka zana. Wurin ya ɗan yi ja, kuma kumburin da na gani a hoton Litinin ya saɓe. Na ɗauko sabuwar ƙwaya na ɗora, na danna filasta da babban yatsa. Jikinta da ɗumi. Ban san me na zata ba, amma ɗumin ya ba ni mamaki. Ta ɗora mayafin a fuskarta, ta bar ƙirjin.

Na koma na kalli allon daga farko har ƙarshe, ko ƙiftawa ban so yi ba.

Asabar, da hantsi

Na shigo don ƙwaya ɗaya tak. Ta uku ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ba daɗi. Fatar tana shan fiye da lissafi. Da kumburin ya sauka, robar sama ta matso kusa da fata. Da Yaya ta bar ƙwayar a wurinta, da kuma ni na ɗaga kaina, da tun Laraba mun gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu biyun muka haɗu muka yi.

Na kira Dokta yana wajen ɗaurin aure a Kawo. Ya ce, "Yanzu kika kawo mini magana. Mummunan awo na gaskiya ya fi mini kyakkyawa na ƙarya." Ya ce Litinin a sake hoto, a sake lissafi, a rage tsayuwar ƙarfen a robar sama. Idan jimillar ta tsaya ƙasa da iyaka, za a ƙarasa ukun da suka rage.

Lahadi, bayan Azahar

Na lissafa ta hanya uku. Ta hanya biyu mun tsira da ɗan rata, ta ukun muna kan layi. Na bar takardar hanya ta ukun a cikin jaka.

Lahadi, bayan La'asar

Na ciro ta na aika wa Mustapha.

Litinin, bayan La'asar

Sabon hoto, sabon lissafi. Dokta ya zauna da mu ya bi mafi munin lissafin layi-layi. Sannan ya ce a ci gaba. Amma ya ce abin da fatar ta riga ta sha ta sha, sai nan da 'yan makonni za ta faɗi ra'ayinta.

Ni na manna ta uku. Yaya ta rufe fuska tun kafin in iso. Ta ce, "Sista, hannun ma'aikaciyar nan sanyi, ba ta cin abinci ne?" Sista ta ce, "Mama, ga ta nan a gabanki, ki tambaye ta mana." Yaya ta ce ita da Sista take magana.

Da yamma sai ga Zahra'u da kular tuwon shinkafa da miyar taushe. Wai ragowa ce. Kular cike take har murfi.

Talata, bayan Magariba

An gama. An zare robobi. Awo ya zauna inda muka ce ya zauna, duka huɗun. Sista ta yi rawa a baranda da sabon mayafi a kafaɗa, Mustapha ya saya wa matarsa guda biyu, kuma na tabbata an tsuga masa kuɗi.

Yaya ta sallami kowa da sunansa. Da ta zo kaina ta ce wa Zahra'u, "A ce wa mutanen ciki Allah ya saka da alheri." Na ce wa Zahra'u ta ce amin.

Asabar, da safe

Zahra'u ta ce wurin ya yi duhu. Haka ake sa rai.

Laraba, bayan Isha'i

Zahra'u ta ce yana ƙaiƙayi, kuma fatar sama tana saɓulewa. Na tambaye ta busasshe ne ko yana ruwa. Ta ce Yaya ba ta bari ta gani da kyau, cewa take lafiya lau. Na ce ta hana ta shafa komai sai man da aka ba ta, ko da wace maƙwabciya ce ta kawo. An riga an kawo man kaɗanya, man zaitun da wani ƙulli daga Zariya.

Na yi sallah na daɗe a zaune. Tsoro nake ji, shi ke nan, na rubuta.

Lahadi, da yamma

Na je Kinkinau. Mun yi hirar tsadar atamfa, ni da Zahra'u da bango. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba. Na lura dai da hannun hagu ta miƙo wa wata mata kaya daga saman kabad, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Da wannan na yi guzuri zuwa gida.

Juma'a, da safe

Litinin za ta dawo a duba.

Litinin, bayan Azahar

Ta zo da sabon mayafi, shuɗi. Dokta ya ce Sista ta fara dubawa kafin ya shigo, ni kuma in ɗauki hoton wurin in auna faɗinsa don fayil. Na tsaya a bayan labule da rular awo a hannu ina jiran a kira ni.

Sai na ji Yaya ta ce, "Sista, je ki sha ruwa. Ita za ta duba."

Sista ta fito tana zare mini ido, ta tura ni ciki ta ja ƙofa. Mu biyu kawai, ba tafinta.

Ta buɗe da kanta. Wurin ya yi duhu kamar faɗin tafin jariri, tsohuwar fatar ta saɓule, sabuwa ta fito a ƙasa, sumul, a bushe. Ba rami, ba ruwa. Na taɓa gefe-gefe, na danna tsakiya. Fatar ta riƙe. Na ce, "Ya warke, Yaya. Ba za a yanke ba."

Tana kallon silin. Na ɗauka ba za ta ce komai ba, na fara jawo mata riga.

Ta ce, "Wannan kika fi so."

Na tsaya.

"Kina jaririya. In na ba ki na dama sai ki tofar, ki yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. Sai wannan. Ranar da aka tafi da ke Abakpa, kwana uku yana zuba, na rasa wanda zan gaya wa." Ta gyara wuyan rigarta. "Shi ne za su ce in bar musu shi a asibiti."

Na durƙusa a wurin, na kifa goshina a gwiwarta. Ba ta janye ba. Ta ɗora hannu a kaina, ta bar shi a nan har muka ji Dokta yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ban ɗauki hoton ba, ban auna komai ba. Sista ce ta cike fayil ɗin.